Sandar da Bassu Ya Ƙi Yarwa

Kafaɗar dama ce ta fara cin amanar Bassu. Tun yana saurayi yake wurga zaren fatsa a rafukan da ke gangarowa daga dajin itatuwan al'ul na bayan garin Azru, da wata sandar gora da wani Bafaranshe ya bar masa zamanin da yake ɗaukar masa kwando. Sandar doguwa ce, ga nauyin tsiya, don manyan tabkuna aka yi ta, amma Bassu ya bi da ita har ta zama ta rafi. Ƙudan ƙarya da yake ɗaura wa ƙugiya kuwa da hannunsa yake yi, da gashin wuyan zakara da zaren ɗinki, kuma babu zakaran unguwar da bai san shi ba. To, farkon zafin bana ya ɗaga sandar zai wurga, sai ya ji wani abu ya yage masa a kafaɗa. Ya zauna kan dutse yana salati. Likita ya duba ya ce ya haƙura da kifi. Bassu ya ce to. Ya koma gida ya dasa kujera a bakin ƙofa, ya rage cin abinci, ya daina faɗa da maƙwabcinsa a kan kwata, kuma wannan na ƙarshen shi ya fi tayar wa 'yarsa Itto hankali.

Itto ma'aikaciyar jinya ce a asibitin gari, ita kaɗai ta rage masa a duniya, kuma ta ga tsofaffi da yawa da zaman bakin ƙofa ya cinye. Ranar kasuwa ta tasa shi gaba, yana mita tana mita, har shagon Si Jilali mai sayar da kayan farauta da na fatsa a bayan masallaci.

"Lale da Kawu Bassu, dodon kifaye!" in ji Si Jilali. "An ce mini ka tuba."

"Kakanka ne ya tuba. Ni kawo ni aka yi."

Si Jilali ya yi dariya, ya aika a kawo shayi, ya shiga sauke sanduna daga bango yana jerawa a kan tebur. "Kawu, tsakani da Allah, rafin Tagunit da kake zuwa, akuya mai lafiya tana tsallake shi. Rassa sun rufe samansa. Kifin ciki bai wuce tafin hannu ba. Me kake yi da waccan azarar da kake saɓawa? Ƙaramin rafi ƙaramar sanda yake so, gajera, mai laushi, wadda wuyan hannu zai wurga kafaɗa tana barci."

"Azarar nan ta ciyar da gida tun kana tsotson yatsa."

"Na yarda. Ita ce kuma ta cinye maka kafaɗa. Riƙe wannan ka ji."

Biyu suka rage bayan an gama tankaɗe da rairaya. Ɗaya ruwan zuma, ta zaren gilashi, mai ɗan nauyi kaɗan, tana lanƙwasa tun daga gindi. Ɗayar baƙa wuluk, siririya, ba ta fi tsawon Bassu da kamu biyu ba. Si Jilali ya ɗaura guntun ulu a bakin zaren maimakon ƙugiya, suka fita lungu. Bassu ya karɓi baƙar yana yatsine. Ya kaɗa wuyan hannu sau ɗaya, zaren ya miƙe baya, ya dawo gaba, ulun ya sauka a hankali kan hancin wata mage da ke barci a gindin bango. Magen ta zabura. Itto ta ga gemun Bassu yana rawa, ta san dariya yake haɗiyewa.

"Wacce ta fi rashin nauyi?" ta tambaya.

"Baƙar, nesa ba kusa ba."

"Ita za mu ɗauka."

Ta sallami mai shago, ta ɗauki sandar da hannu biyu ta miƙa wa ubanta, ta sumbaci bayan hannunsa. Shi ma da hannu biyu ya karɓa. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata," murya ƙasa-ƙasa, don ba ya son a ji shi yana faɗin irin wannan a kasuwa.

Sai a lokacin, yana neman jakar sandar a ƙarƙashin tebur, Si Jilali ya ce, "Af, na kusa mantawa. Kawu, wannan fa ba gora ba ce. Da zaren gawayi aka yi ta, kabon suke ce masa, wuta tana bin jikinta kamar wayar lantarki. In hadari ya haɗo, kwantar da ita a ƙasa ka yi nesa. In kuwa ka ji tana ƙugi a hannunka, kada ka tsaya naɗe zare, kada ka tsaya komai. Yar da ita ka tsuguna."

"In yar da ita," in ji Bassu a hankali. "A ƙasa."

"A ƙasa mana, a ina kuma?"

Bassu ya dubi sandar, ya dubi 'yarsa, ya yi wani ɗan murmushi. Itto kuwa ta san abin da Si Jilali, mutumin birnin Fas da ya zo mana jiya-jiya, bai sani ba.

Mu a tsaunin nan uba ba ya buƙatar buɗe baki ya tsine wa ɗansa. In ɗa ya miƙa masa kyauta ya sake ta ta faɗi ƙasa, magana ta ƙare, kowa ya gane an janye albarka. Ƙofa ɗaya ake bari: in uban ya sunkuya ya ɗauki abin da hannunsa kafin rana ta faɗi, to fushi ne kawai, ya wuce. A da Bassu yana da ɗa namiji, Mimun, wan Itto. Mimun ya tsallaka ƙasar Sifen ba sallama alhali uwarsu tana kwance, ta rasu tana tambayarsa. Da ya dawo bayan shekaru, ya shigo da rigar fata mai tsada ya miƙa wa ubansa a tsakar gida, gaban dangi da maƙwabta. Bassu ya karɓa, ya buɗe yatsunsa, rigar ta faɗa cikin taɓo. Mata suka yi ta roƙonsa ya ɗauka, Itto ta riƙe masa ƙafa tana kuka, ya shige ɗaki ya turo ƙofa har aka kira magariba. Mimun ya koma inda ya fito. Shekara ba ta zagayo ba mota ta buge shi a bakin wata gonar tumatir, gawarsa ma a can aka binne.

Tun daga ranar, babu abin da ya fito daga hannun Itto ya taɓa ƙasa a hannun Bassu. Ledar magani a ƙusa yake rataye ta. Gutsuren gurasa in ya suɓuce, a iska yake cafe shi. Takalmin da ta saya masa wata sallah sai da ta haɗa shi da liman kafin ya yarda ya taka, unguwa ta yi ta dariya. Itto ma ta yi dariyar a lokacin. A shagon Si Jilali ba ta yi ba.

A hanyar gida ta fara lallaɓa shi. "Baba, ni fa na sake tunani. Mai ruwan zumar nan ta fi kyau. Mu koma a canza."

"Kin ba ni ko ba ki ba ni ba?"

"Na ba ka, amma..."

"To ta zama tawa. Kyauta ba tumatir ba ce da za a mayar a zaɓo wani."

"Ka ji abin da ya ce game da aradu."

"Ɗan Fas zai koya mini hadarin dutse? Hadari nawa ya same ni a rafi? Ai lokacin ne ma kifi ke haukacewa, gab da ruwa ya sauko. Wanda ya gudu gida a lokacin bai san fatsa ba."

"Da gora ce a hannunka, Baba."

"Sanda sanda ce. Kwana kuma in ya ƙare, ko cokali ne a hannunka sai ka tafi."

Abin haushin shi ne, sandar ta yi aikin da aka saye ta dominsa. Bassu ya tashi daga bakin ƙofa. Ya koma cin gurasa da man zaitun kamar mai huce haushi, ya koma faɗan kwata, zakarun unguwa suka koma gudu in sun hango shi. Kullum da hantsi yana hawa tasin da ke bi ta ƙauyukan sama, a sauke shi a ƙarshen kwalta, ya taka zuwa Tagunit. Da yamma ya dawo yana ba ta labari, yadda yanzu yake kutsawa ƙarƙashin rassan da azarar ba ta taɓa barinsa ya shiga ba, yadda ɗan kifi mai jan ɗigo-ɗigo yake lanƙwasa sandar har mutum ya ji bugun jelarsa a tafin hannu. In zai yi salla a bakin ruwa, a reshe yake rataye ta. In zai ci abinci, a cinya yake ɗora ta. Da alfahari yake faɗa mata wannan, ita kuwa kowace kalma tana sauka mata a ƙirji.

Don Itto ta taɓa ganin aikin aradu da idonta. Wani makiyayi aka kawo musu asibiti daga tudu a bayan motar ɗaukar tumaki, takalmansa sun fashe, a bayansa an zana wani jan zane mai rassa kamar ganye, yana warin ƙonannen gashi. Ita ta rufe masa ido. Tun da aka sayi sandar, warin nan ya dawo mata hanci. Ta zama mai duban sama. Tana ɗaura wa mara lafiya ruwa tana leƙen taga. Ta saya wa uban waya, ya karɓa da hannu biyu ya ajiye ta a kan kanta, can sama inda ba za ta faɗo ba, kuma can take kwana take wuni. Ta taɓa ɓoye sandar a bayan buhun gari, ya zauna a tsakar gida bai ci ba bai sha ba yana kallonta har ta fito da ita. Ta je wa Si Jilali da faɗa, ya ce shi ina ya san haka, ai da ta yi magana. Watan Agusta kuwa yana ta matsowa, watan da sama take wayewa tas da safe, bayan azahar ta juye.

Ranar da abin ya faru, da safe ko ƙyallin gajimare babu. Bayan la'asar Itto ta fito harabar asibiti shan iska, sai ta ji iskar ta tsaya cak. Ta ɗaga kai. A saman dajin al'ul, daidai inda Tagunit yake, wani hadari ya tsiro, kansa fari fat, gindinsa baƙi kamar bayan tukunya. Ba ta koma ta cire farar riga ba. Ta ce wa abokiyar aikinta ta riƙe mata ɗakin, ta tare tasi a bakin titi.

"Sama za ki da wannan hadarin, Malama?" in ji direban. "Mutane saukowa suke."

"Ubana yana can."

"Kawu Bassu? Haba, ai shi ruwa ma tsoronsa yake."

"Don Allah ka taka mota ka bar surutu."

Ya sauke ta a ƙarshen kwalta ya juya da sauri. Ta kama hanyar ƙafa da gudu, takalmin asibiti yana zame mata a kan duwatsu. Ta haɗu da garken tumaki yana gangarowa a guje, makiyayiyar tana bin su da jifa, ta ce mata ta ga tsohon ya yi sama, wajen fili. A cikin daji da ma akwai dama-dama, itatuwa sun fi shi tsawo. Filin kuwa tudu ne shimfiɗaɗɗe, ciyawa ce zalla, babu abin da ya ɗaga kai a cikinsa sai bishiyar safsaf ƙwaya ɗaya da duk wanda ya tsaya a wurin.

Tsawa ta farko ta yi gurnani daga nesa lokacin da ta fito daga cikin itatuwa. Hasken wurin ya koma wani iri, rawaya-rawaya. Tsuntsu ko ɗaya ba ya kuka. A nan rafin yana bi ne ta cikin wata tsagar dutse mai zurfi, ba faɗi gare ta ba, amma ba mai tsallake ta, kuma gungumen da ake takawa a haye yana can ƙasa inda ta baro. Ta yi kuskuren hanya, ta biyo ta wannan gefen. Ga Bassu can a ɗaya gefen, ya fito daga tsagar yana tafe a fili zai je kududdufin sama, jallabiyarsa a naɗe a ƙugu, baƙar sandar a tsaye a hannunsa, kanta yana nuna sama, yadda Bafaranshen ya koya masa tun yana yaro don kada kan ya karye. Murya tana kaiwa. Hannu ba ya kaiwa.

"Baba!"

Ya juyo, ya yi mamaki, ya washe baki. "Ke kuma daga ina? Kin zo a sa'a! Suna tsalle kamar an zuba musu gishiri!"

"Baba, kwantar da sandar! Kwantar da ita ka dawo cikin tsagar!"

"Yanzu zan gama. Wurgi biyu."

Sai Itto ta ji wani abu yana tafiya a fatar hannunta. Ta duba, gashin hannun ya miƙe tsaye. Gashin da ya fito daga ɗankwalinta yana tashi da kansa. Bakinta ya yi ɗanɗanon ƙarfe. Daga can ƙetare kuma, cikin wannan shirun, ta ji shi: wani siririn ƙugi, zzzz, kamar ƙudan zuma a cikin kwalba.

Bassu ma ya ji. Ya tsaya. Ya kawo sandar kusa da kunnensa, ya nisanta ta, murmushin ya bar fuskarsa. Zaren da ke lilo a jikinta ya ɗaga ya tsaya a iska ba abin da ya riƙe shi.

"Bismillahi," in ji shi. "Itto, kin ji? Kuka take."

"Aradu ce, Baba! Saukowa za ta yi! Yar da ita!"

Ya waiga hagu, ya waiga dama, yana neman inda zai rataye ta. Babu reshe, babu dutse mai tsayi, sai safsaf ɗin can gaba. Ya fara takawa wajenta.

"Kada ka je gindin bishiya! Wayyo Allah, Baba, a ƙasa! Sake ta kawai! Na yafe, wallahi na yafe, ni na ce ka yar!"

"Ba ke ke yafewa ba," ya ce. Tsoro ya kama shi sosai, ta gani. Amma sai ya ƙara damƙe sandar da hannu biyu ya manna ta a ƙirji, kanta yana nan a sama. "Na yi sau ɗaya. Ba zan ƙara ba. In tafiyar ce, in tafi da ita a hannu."

Ƙugin ya ƙaru. Wani shuɗin haske ɗan mitsitsi ya fara wasa a kan sandar. Itto ta duba tsagar, ta duba nisan gungumen, ta san ko tana da fiffike ba za ta kai ba. Roƙo ba ya motsa Bassu, ta gwada tun tana riƙe da ƙafarsa a tsakar gida. Abu ɗaya ne tak ta taɓa gani ya buɗe yatsun mutumin nan, wato fushi, kuma ta san inda yake ajiye. Ta cika ƙirjinta da iska.

"To riƙe ta! Riƙe ta da kyau, tsohon banza! Ka zaci in ka riƙe tawa Mimun zai tashi? Kai ka kashe shi! Ba motar Sifen ba ce, kai ne, ranar da ka saki rigarsa cikin taɓo! Duk Azru an sani, tsoronka ake ji ba a faɗa! Ni ma ka zaci don ƙauna na saya maka? Don ka tashi mini daga bakin ƙofa ne! Na gaji da ganin fuskarka, na gaji da wankinka, na gaji da kai!"

Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba tun da aka haife ta. Ta ga maganar ta same shi kamar an kwaɗa masa mari. Bakinsa ya buɗe. Fuskarsa ta yi fari, sannan ta yi ja, jijiyar goshinsa ta tashi, irin tashin da ta yi a waccan ranar. Ya ɗaga sandar da hannun daman nan mai ciwo, ya yi wurgi da ita iya ƙarfinsa. Ba ta da nauyi, ta yi ta juyi a iska har ta je ta maƙale a rassan safsaf, kanta a sama. Ya juya wa 'yarsa baya ya kama tafiya, ba wajen bishiyar ba, ba wajenta ba, tafiyar mai fushi kawai wanda bai san inda za shi ba.

"Tsuguna!" ta yi ihu. Bai ko waiga ba.

Duniya ta yi fari. Ƙarar ba a kunne ta ji ta ba, a haƙora da ƙashin baya ta ji ta. Da ta dawo hayyacinta tana durƙushe, tafin hannunta ya kuje, idonta ba ya ganin komai sai wani koren tabo. Sai ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya, da ƙanƙara a ciki. Ta murza ido. Safsaf ta tsage biyu tana hayaƙi. Bayan bishiyar, can cikin ciyawa, wani abu mai ruwan ƙasa yana kwance ba ya motsi.

Ba ta san yadda ta gangara ba, ba ta san yadda ta haye gungumen da ruwa ya riga ya fara lasa ba. Tana gudu tana jin warin ƙonannen gashin nan, tana cewa ya Allah kada ya zama da wannan maganar ya tafi, ya Allah ko minti ɗaya ne ka ba ni. Da ta iso ta tarar ya tashi zaune, ruwa yana zuba daga gemunsa, idonsa a buɗe. Ta faɗi a gabansa ta kama wuyan hannunsa tana neman bugun jini. Yana nan, da sauri, amma yana nan. Ta duba takalmansa, lafiyarsu ƙalau. Ta ɗaga jallabiyar ta duba bayansa, babu zane. Sai kuka ya ƙwace mata.

Bassu ya zare hannunsa daga nata a hankali.

"Baba, ƙarya na yi. Don ka yar ne. Ka ga bishiyar, dubi bishiyar! Wallahi ƙarya na yi."

Ya dubi bishiyar ya daɗe. Kunnensa ya toshe, don haka da ya yi magana da ƙarfi ya yi ta, kamar mai kiran wani a ƙetaren rafi.

"Na ƙarshen ƙarya ne. Wankin da fuskar. Na sani, ba ki iya ƙarya ba tun kina ƙarama." Ya share ruwa daga idonsa. "Na farkon fa?"

Itto ta buɗe baki. Ƙanƙara tana dukan bayanta, uban yana kallon bakinta don ya karanta abin da kunnensa ba zai ji ba, bakin kuwa bai motsa ba.

Ya gyaɗa kai. "Haka ne," ya ce. "Ni ma na sani."

Ya dafa ƙasa ya miƙe da ƙyar, hannun daman yana reto, kafaɗar ta sake tafiya. Ya nufi safsaf. Sama ta sake yin gurnani a kansu, kusa, walƙiya ta keta ta bayan tudun.

"Baba, a'a! Aradu tana komawa inda ta sauka! Mu shiga tsagar mu jira ya wuce, don girman Allah!"

"Rana ba za ta jira ba."

Ta duba yamma. Ƙarƙashin hadarin, can a bakin duniya, wani jan layi ya buɗe, rana tana gab da shigewa bayan dutse. Ta gane. Tsoro bai sake ta ba, kowane taku tana jiran farin hasken nan ya dawo. Amma ta kama hannun rigarsa ta bi shi, su biyu a tsaye a tsakiyar fili, babu abin da ya fi su tsawo.

A gindin bishiyar suka sami sandar cikin taɓo. Mariƙin ne kawai ya rage, ya ƙone gefe guda, sauran sandar ta tarwatse ta koma wani baƙin gashi mai laushi kamar jelar doki. Itto ta sunkuya za ta ɗauko masa, ya tare ta da gwiwar hannu. Ya durƙusa da kansa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya sa hannun hagu ya ɗauka. Ya goge taɓon da bakin jallabiyarsa, ya goge, ya sake gogewa, sannan ya cusa abin cikin ƙirjinsa.

"Rigar nan," ya ce, har yanzu da ƙarfi, "ina kallon ta ta taga har aka yi isha. Akuya ta taka ta. Ina gani, ban fito ba." Ya dafa ƙirjinsa inda mariƙin yake. "Wannan na ɗauka, rana ba ta faɗi ba. Ki shaida."

"Na shaida, Baba."

"Me kika ce?"

"Na ce na shaida!"

Ya miƙa mata hannun hagun ta ɗaga shi. Suka gangara cikin tsagar dutsen suka rakuɓe a ƙarƙashin wani ɓangare da ya turo, ruwa yana wucewa ta gabansu ja da laka. Duk lokacin da sama ta yi ƙara sai Itto ta zabura ta ƙanƙame hannunsa. Bai janye ba, bai kuma dube ta ba. Can ya ce, kamar da rafin yake magana, in Allah ya kai su gida ta nemo masa sunan garin da aka binne yaron.